Masaukin Baƙi a Gefen Fadamar Argungu: Da Siminti Ko Da Ƙasa?

Tambaya ta zo daga wani matashi da ya gaji fili a gefen fadama, a wani ƙauye da ba shi da nisa da Argungu. Ya tara ɗan jari, yana son gina masauki don 'yan yawon buɗe ido. Yayyensa sun ce ya zuba bulo da siminti ɗaki goma sha biyu, ya rufa kwano, ya sa na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Shi kuwa ya ji labarin masaukan karkara da ba sa cutar da muhalli, sai yake tambaya: wanne ya fi, kuma ma baƙin za su zo?

Ƙanena, Allah ya sa wa dukiyar albarka. Tambayarka ta biyu ce za ta yanke hukuncin ta farko, don haka da ita zan fara.

Na san abin da yayyenka ke hange. Suna hangen bikin kamun kifi, ranar da kogin Matan Fada ke cika maƙil da masunta, kowa da homa da gora, gari ba masaka tsinke, ɗakin kwana ya yi tsadar da ba a cewa komai. Bikin babba ne, babu mai musu. Tun 1934 ake yin sa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan dogon zaman gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma kwana huɗu ake yi. Shekara kuwa kwana 365 ce. Ka kuma tuna an shafe kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020. Wanda ya gina ɗaki goma sha biyu saboda waɗannan kwanaki huɗu, zai kwashe sauran shekarar yana biyan mai gadi, yana share yanar gizo-gizo, yana kallon fenti na ɓarewa. Janareto kuma ba ruwansa da ko baƙo ɗaya ne a gidan, man da zai sha zai sha.

To wane baƙo ne zai zo maka a sauran watannin? Kada ka gina lissafinka a kan Bature. Idan ya zo, madalla, amma yawancin ƙasashensu suna gargaɗin mutanensu kan tafiya arewa maso yammacin Najeriya, kuma wannan ba abin da masaukinka zai iya canzawa ba ne. Baƙonka na gaskiya yana nan kusa. Malamin jami'a daga Birnin Kebbi ko Aliero ko Sakkwato da zai kawo ɗalibai su ga yadda ake noman rani. Mai binciken tarihi da ya zo Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mayar gidan tarihi a 1958, yana son ya kwana biyu ya zanta da dattawa. Magidanci daga Kano ko Abuja da 'ya'yansa ba su taɓa shiga kwalekwale ba, ba su taɓa ganin yadda ake sussukar shinkafa ba. Ango da amarya masu neman wurin da babu hayaniya. 'Yan bautar ƙasa daga kudu. Masu kallon tsuntsaye, waɗanda su ne suka fi kowa haƙuri da rashin jin daɗi muddin za su ga abin da suka zo gani. Duk waɗannan, babu wanda zai baro birni don ya kwana a ɗakin siminti mai kama da wanda ya baro. Fadamar suka zo gani, da mutanenta. Abin sayarwarka ke nan, kuma ba kai ka halicce shi ba, ba kuma naka ne kai kaɗai ba.

Saboda haka amsata ita ce: ka yi da ƙasa, ka fara da ɗaki uku ko huɗu, kuma kada ka aza tubali ko ɗaya a cikin fadamar kanta.

Bari in tsaya a kan maganar wuri, don a nan ne ake asarar da ba ta gyaruwa. Gulbin Kabi yana da iyakarsa ta shekarar da ruwa ya yi sauƙi, yana da ta shekarar da ya yi fushi. Kowa a Kebbi ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa da gidaje da gadoji. Kafin ka ja igiya, ka ɗauki dattawa biyu ko uku na ƙauyen, musamman masunta, su nuna maka da ƙafarsu inda ruwa ya tsaya a mafi munin shekarar da suka sani. Ka kafa turke a nan, sannan ka haura tudu sosai, ka kuma ɗaga daɓen ɗakin sama da ƙasa. Ginin ƙasa yana jure rana da iska shekaru aru-aru, amma ba ya jure ruwan da ya kwanta a gindinsa. Wanda ya cike fadama da ƙasa don ya sami filin gini kuwa, ruwan da ya kora gonar maƙwabcinsa zai tafi, kuma daga ranar ya sayi rigimar da jikokinsa za su gada.

Idan kana son baƙo ya kwana kusa da ruwa, akwai hanya. Da rani, bayan ruwa ya ja baya, ka kafa bukkoki biyu na kara da zana da jinka a kan dandamalin katako, irin waɗanda mutum huɗu za su iya kwancewa cikin yini guda. Kafin damina ta kankama ka kwashe su ka jingine a gida. Filin ya koma gona ko makiyaya kamar ba a taɓa zama a kansa ba. Masunta masu bin ruwa da Fulani masu ƙaura sun daɗe da wannan dabara. Abin da za ka ƙara kawai shi ne gado mai kyau, gidan sauro da ƙofa mai kulluwa.

Yanzu ginin tudu. Dalilin da ya sa nake nacewa kan ƙasa ba son gargajiya ba ne kawai, lissafi ne na zafi. A nan daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Bulo mai rami da rufin kwano suna shigo da wannan zafin cikin ɗaki tun kafin azahar, dole sai an kunna na'ura, na'urar kuma tana jan wutar da za ta ishi fanka fiye da goma. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 zuwa 50 yakan riƙe zafin rana a jikinsa, sai ya yi awanni masu yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, lokacin dare ya yi, an buɗe tagogi, iska ta kwashe shi. Da hunturu kuma akasin haka yake yi, ɗakin ya kwana da ɗumi. Duk wanda ya taɓa zama a tsohon zaure da tsakar rana ya san wannan a jikinsa. Idan ka haɗa da tagogi biyu masu kallon juna, da ƙaramar kafa can sama inda iska mai zafi za ta fita, da rumfa a gefen yamma inda rana ke dukan bango da la'asar, to fanka ɗaya da 'yan ƙwayayen fitila sun wadatar, kuma faifan sola kaɗan da batir za su ɗauke su har asuba. Ba ƙarar janareto da za ta kori tsuntsayen da baƙon ya zo gani.

Maginanmu sun san sirrin da yawancin masu digiri ba su koya ba. Sun san wace ƙasa ce ke yin tubali, kwana nawa za a bar ta ta ruɓa da ciyawa kafin a cuɗa. Sun san makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da shi ya hana ruwan sama cin bango. Sun san laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi ya yi shekaru bai yi yoyo ba. Sun san inda za a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Ka nemi irin wannan magini tun yana raye, ka biya shi hakkinsa da daraja, ka kuma sa samarin ƙauyen su yi aiki a ƙarƙashinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wannan ilimi ke bin tsofaffi kabari ɗaya bayan ɗaya, alhali a Burkina Faso Francis Kéré da ƙasar ƙauyensu Gando ya fara gina makaranta, har ya kai ga lashe babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya a 2022. Nan kusa da mu ma, a Dandaji cikin Jamhuriyar Nijar, ƙasar Hausa ce, an gina babban masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, mutane na zuwa kallo daga nesa.

Akwai wuri ɗaya da zan ce ka saɓa wa magabata, shi ne azara. Soron gargajiya yana cin azara da yawa, azara kuwa daga gangar giginya ake tsaga ta, giginya kuma sai ta yi shekaru gommai kafin ta isa sara. Ba ya yiwuwa ka ce kana kare muhalli sannan ka kayar da giginya ashirin don rufin ɗaki huɗu. Mafita biyu gare ka. Ta farko jinka ta ciyawa mai gangare sosai, wadda bakinta ya zarce bango da kyau don ya kare shi daga feshin ruwa. Tana da sanyi, tana da arha, amma tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru kuma dole murhu ya yi nesa da ita. Ta biyu rufin ƙasa mai lanƙwasa wanda ba ya bukatar itace ko ɗaya. Dabara ce da ta samo asali daga Nubiya a bakin kogin Nilu: ana jera ƙananan tubala a karkace, layi yana jingina da layi, har baka ya haɗe. Tun wajen shekarun 1980 ake koyar da irin wannan gini marar itace a Nijar, daga baya ya bazu a Burkina Faso da Mali da Senegal. Sharaɗinsa shi ne faɗin ɗakin kada ya wuce mita 3 da 'yan kai, tsawon kuwa yadda kake so, kuma sai maginin da ya koya a hannun gwani. Kada ka bari wani ya gwada a kanka daga kallon bidiyo a waya, rufi ne da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa.

Siminti yana da gurbinsa, ban ce haramun ne ba. Harsashi da dutse da ɗan siminti har ya ɗago sama da ƙasa, daɓen banɗaki, bakin rijiya. Idan kuma ka fi son bango mai santsi, akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Buntun shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, da bambaron da ake cinna wa wuta a gona, duk suna shiga cikin kwaɓin ƙasa su hana ta tsagewa. Gara kuwa, ka riƙa zagaya gini duk mako, ka kakkarya hanyarta tun tana sabuwa.

Banɗaki shi ne inda masauki ke tashi ko ya faɗi, kuma nan ne masu kwaikwayon ƙasashen waje ke tuntuɓe. Za ka ji ana yaba banɗaki busasshe wanda ba a zuba masa ruwa, sai toka ko garin katako. Yana aiki a wurin mutanen da ke amfani da takarda. Mu da ruwa muke tsarki, kuma ruwan nan idan ya shiga ramin da aka tsara ya zauna a bushe, wari da ƙuda ne sakamakon. Abin da ya dace da mu shi ne masai mai rami biyu wanda ake korawa da buta ɗaya ko biyu: ana amfani da ɗaya, idan ya cika a toshe shi a koma ɗayan, a bar na farkon ya huta shekara ɗaya zuwa biyu har abin ciki ya zama taki marar cutarwa. Ramin ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance a gangaren da ba ya kwararowa wajenta, kuma tunda ruwan ƙasa a gefen fadama yana kusa, gara a ɗaga ramin sama a yi masa matakala da a zurfafa shi. Ka lura da alƙibla lokacin da kake aza shi. Ruwan wanka da na alwala kuwa kada ya tafi a banza ya zama kwatamin sauro. Ka ja shi zuwa ramin tsakuwa da aka dasa ayaba ko zogale a bakinsa.

Na ambaci sauro, kuma ba maganar wasa ba ce. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya wajen zazzaɓin cizon sauro tsakanin yara ƙanana, kusan yaro ɗaya cikin biyu, shi ya sa ma tana cikin jihohi biyun da aka fara allurar rigakafinsa a Disambar 2024. Kowane gado da gidan sauronsa mai magani, kowace taga da raga. Ka kuma hana baƙi, musamman yaransu, wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Sai mutanen gari, waɗanda da su akan ci gari. Kafin komai ka je wa hakimi da uban ƙasa da liman da sarkin ruwa, ka faɗa musu abin da kake nufi a fili, don kalmar otal tana da mummunan suna a ƙauye kuma da dalili. Ka ce musu ba giya, ba baɗala, kowane ɗaki da shingen zanarsa don iyali su sake, akwai wurin salla, kuma ba baƙon da zai ɗaga waya ya ɗauki hoton matar wani ko cikin gidan wani ba da izini ba. Takardar filinka ma ka gyara ta. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙaramar hukuma na da ikon ba da shaidar mallaka a karkara.

Amma izini kaɗai bai isa ba, sai sun ga rabonsu. A yankin Kasamans na ƙasar Senegal, tun shekarun 1970 ƙauyuka suka riƙa gina masaukai da kayan gininsu na gida, su suke gudanarwa, ribar kuma ta tafi ga ɗakin shan magani da azuzuwan makaranta. Ba sai ka kwafi tsarinsu duka ba, filin naka ne, jarin naka ne. Abin ɗauka shi ne kuɗin baƙo ya ratsa hannuwa da yawa. Kada ka sayi kwalekwale, ka yi yarjejeniya da masu shi. Kada ka kawo mai dafa abinci daga birni ya yi taliya. Matan ƙauyen su karɓi girki bi da bi, tuwon shinkafar da aka noma a fadamar da miyar kifi, da fura da nonon rugar da ke kusa, da kwaɗon zogale. Tsohon masuncin da ya san giwan ruwa da bargi da ƙurungu da tarwaɗa, ya san inda kowanne ke kwana da watan da yake ƙwai, shi ne jagoranka, kuma a biya shi kuɗin iliminsa, ba sadaka ba. Sannan ka ware wani kaso sananne daga kuɗin kowane kwana ya shiga asusun gari, a rubuta, a riƙa karantawa a gaban jama'a. Ranar da yaron da ke harbin tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya ya ga cewa nuna wa baƙo su yana kawo masa abin da ya fi naman, ba sai an yi masa wa'azin muhalli ba. Ai Kabawa ba baƙin wannan tunani ba ne: hana kamun kifi a Matan Fada duk shekara sai ranar biki shi ne ya sa ake samun manyan kifaye a wurin.

Lokacin aikinka na gaske daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Sanyi ya sauka, hanya ta bushe, tsuntsayen da ke gudo hunturun Turai sun iso dausayoyinmu sun haɗu da zalɓe da balbela na gida. Damina ta gyaran yaɓe ce da dashen itatuwa. Wanda ke ƙasar Yawuri zai iya bin wannan tsari a bakin tafkin Kainji, inda tsibiran Foge suka shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, ga dorina, ga bikin Rigata na wasannin ruwa. Sai dai can ruwa yana hawa da sauka da mitoci masu yawa a shekara, don haka gini mai kwancewa ya fi dacewa.

Duk inda ruwa yake, rigar kariya wajibi ce ga kowane baƙo da kowane matuƙi, ba lodi fiye da kima, ba tafiya bayan magariba. Hatsarin jirgin ruwan Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa darasi.

Maganar tsaro kuma ba zan rufe ka ba. An sace ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021, an kai hari Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024, Augie kuwa ƙasar Argungu ce. Wannan ma wani dalili ne na farawa da kaɗan da kuma ginawa a jikin gari, inda idon jama'a yake, ba can cikin daji ba. Ka san DPO da 'yan sintiri, ka riƙa rubuta sunan kowane baƙo da lambar wani nasa, kada ka yi shelar zuwan baƙi a Facebook sai bayan sun tafi. Idan aka ce maka gari ba lafiya, ka buga wa baƙon waya ka ce ya dakata, ka mayar masa da kuɗinsa ko da kana bukatarsu.

Ga yadda zan raba jarin da a ce nawa ne. Rijiya da banɗaki da sola su fara ci, don su ne ba a yi musu arha. Sai ɗaki uku da rumfar cin abinci. Abin da ya rage, kamar kashi ɗaya cikin uku, kada ka taɓa shi, shi zai riƙe ka a shekarar farko da baƙi za su riƙa zuwa jefi-jefi. Ka ajiye littafi ka rubuta wa ya zo, daga ina, me ya kawo shi, me ya yi ƙorafi a kai. Bayan hunturu biyu, littafin zai gaya maka ko ɗaki na huɗu za ka ƙara ko kwalekwale na biyu za ka yi yarjejeniya da shi. Yayyenka kuma ka kai su ɗakin farko da azahar a watan Afrilu, su zauna awa guda a ciki kafin a sake maganar bulo.